Gyaran Tsohuwar Mota: Kada A Ɗora Mata Malejin Da Zai Yi Ƙarya

Mai niyyar farfaɗo da tsohuwar mota, ko Peugeot 504 ce da mahaifinsa ya saya a gwanjon gwamnati, ko Mercedes ce da ta shekara ashirin a ƙarƙashin darbejiya, yakan zuba kuɗinsa a inji da fenti da kujeru. Idan aka zo kan maleji, sai bakanike ya ce duk wanda ya zauna daidai a ramin dashbod ya wadatar. Mai mota ya amince, a ɗaura, allura ta motsa, kowa ya yi murna. A nan ake yin gyaran gangar Abzinawa, domin maleji shi ne abin da ke faɗa wa direba gudunsa, shi ne kuma ke riƙe da lissafin tafiyar da motar ta yi tun fitowarta daga masana'anta. Idan ba nata ba ne, duka biyun sun zama ƙarya.

Malejin tsohuwar mota ba ya aiki da kwamfuta. Waya ce ke tasowa daga akwatin giya tana juyawa, ta juya wani ɗan maganaɗisu a bayan fuskar agogon. Maganaɗisun yana jan wani faifan alminiyam da ke ɗauke da allura, siririn sifirin kuma yana riƙe ta kada ta zarce. Wannan wayar ce dai ke juya ƙananan haƙoran da ke ƙirga nisan tafiya. Saboda haka kowane maleji an saita shi ne a kan adadin juyin da wayar za ta yi a cikin mil ɗaya ko kilomita ɗaya, adadin kuwa ya dogara da giyar motar da aksul ɗinta da girman tayarta. Kamfanin Smiths na Ingila yakan buga wannan lamba a fuskar agogon, VDO na Jamus, mai yi wa Mercedes da Volkswagen, shi ma yana da tasa lambar a jikin kayansa. Wanda bai duba ta ba, ya sayi kwalliya ne kawai.

Ko a cikin ƙirar mota guda akwai bambanci. Peugeot 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, aka kuma ci gaba da haɗa ta a Kaduna, inda masana'antar Peugeot ta fara aiki a 1975, har cikin shekarun 2000. A tsawon wannan lokaci fuskar dashbod ɗinta ta sauya, kuma aksul ɗin salun ba ɗaya yake da na wagon ko na a-kori-kura ba. Malejin wagon zai iya shiga ramin salun ba tare da gardama ba, amma allurarsa ba za ta faɗi gaskiya ba. Haka nan idan aka sanya wa motar tayar da ta fi tata ta asali faɗin da'ira da kashi 5 cikin 100, allura za ta tsaya a kan 100 alhali motar tana gudun kilomita 105.

Akwai kuma batun tarihi. A ranar 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta yi canjin hannu, aka bar tuƙi ta hagun titi aka koma dama, sannan a cikin shekarun nan na 1970 ƙasar ta bar awon mil ta koma kilomita. Motocin da suka shigo kafin wannan sauyi galibi sitiyarinsu a dama yake, malejinsu kuma da mil yake ƙirge. Wanda ya cire wa irin wannan mota agogonta ya ɗora na kilomita ya goge shaidar zamaninta. Wanda kuma ya ɗora wa motar Kaduna agogon mil da ya tsinta a kasuwa ya haƙa wa direba rami. Mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, don haka idan allura ta nuna 70, motar tana gab da kilomita 113 ne a awa, ta wuce 100 ɗin da doka ta ƙayyade wa ƙananan motoci a babbar hanya, ga kuma birki irin na shekaru arba'in da suka wuce.

Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin darajar takardar asali. Ya san fayil ɗin da aka zare wa shafi aka cusa wani ya daina zama hujja, komai kyan bangonsa. Lambobin da ke ƙasan allura su ne fayil ɗin mota. Yawancin tsofaffin agogo lamba biyar gare su, da zarar sun kai 99,999 sai su koma sifili, don haka dama ana buƙatar littafin zirga-zirgar mota da takardun gyara kafin a san gaskiyar nisan da ta ci. Idan aka jefar da agogon asali, aka kawo na wata mota mai nata lissafin, an yanke zaren gaba ɗaya. Motar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976 tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas da ramukan harsashinta, kuma babu mai hankalin da zai ce a cike su a shafa fenti. Motar wani tsohon akawu ba ta kai wannan matsayi ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: abin da ke ba da shaida ba a musanya shi don ado.

Wani zai ce wannan ɓata kuɗi ne, tunda wayar salula ma tana nuna gudun mota, kuma kayan asali sun yi wuya. Gaskiya ne sun yi wuya, mai nema zai iya zaga Apo da Panteka da Ƙofar Ruwa da Ladipo bai dace ba. Sai dai idon direba a kan dashbod ya saba sauka, kuma ranar da motar za ta koma hannun ɗa ko mai saye, abin da agogon ya faɗa shi za a ɗauka. Araha ba ta ado.

Hanyar ba mai sarƙaƙiya ba ce. A fara da agogon da aka tarar a motar, domin sau da yawa wayar ce ta tsinke ko man cikinsa ya daskare, kuma gyaransa ya fi sayen wani. Idan ya mutu murus, a rubuta lambar jikin motar da shekararta da duk lambobin da ke fuska da bayan agogon, a riƙe shi a hannu zuwa kasuwa a gwada da wanda za a saya. Bayan an ɗaura, a hau titi a auna shi da wayar salula a gudu daban-daban. Sannan a rubuta ranar musanyar da lambar da tsohon ya tsaya a kai, a ajiye tsohon tare da takardun motar.

Wannan nasiha ta shafi ofisoshi ma. Tun bayan tsarin 2003 na mayar da alawus-alawus zuwa tsabar kuɗi, motocin hukuma da yawa sun fita daga hannun gwamnati. Duk jami'in da ke kula da ragowar, ya dace ya tabbata littafin kowace mota ya bi ta zuwa hannun mai saye. Wanda zai gyara ta nan gaba da wannan littafi ne zai gane ko agogon da ya tarar nata ne ko na aro.