Labari amana ne

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin sahara, arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Akasarinsu mata ne da yara daga yankin Kance, kuma nan Tamanrasset suka nufo. Duniya ta ji labarin ne saboda wasu 'yan jarida sun bi sawu, sun tambayi waɗanda suka tsira da waɗanda suka binne mamatan. Allah ya saka musu da alheri.

Sai dai mu da ke zaune a nan mun san ɗaya fuskar aikin. Sau da yawa ana ɗaukar hoton mace da goyonta tana bara ba tare da izininta ba, a yi mana kuɗin goro da sunan baƙin haure, har da tela da magini da ɗan kasuwar da aka haifi 'ya'yansa a garin nan. Mu ma ba mu tsira ba. Yau duk mai waya ya zama ɗan jarida. Wani zai rubuta a Facebook cewa mota ta kife a hanyar Asamaka, ya jera sunaye, uwa a Damagaram ta kwana kuka, gari ya waye ɗanta ya kira ta lafiya lau. Wa zai biya ta wannan daren?

Addininmu bai bar mu a duhu ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce mu da tantance labari kafin mu cutar da mutane bisa jahilci. Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun san wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi. Jaridar da aka kafa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, sunanta kansa wa'azi ne: Gaskiya Ta Fi Kwabo. A ƙasar nan kuma an harbe Tahar Djaout a 1993 saboda alƙalaminsa.

Roƙonmu ga mai ɗaukar labarinmu, ɗan gida ko baƙo, shi ne ya ji daga ɓangare biyu, ya nemi izini kafin hoto, kada ya ambaci mamaci kafin iyalinsa su sani, in ya yi kuskure ya gyara a inda ya wallafa. Wanda ya rasa tabbaci ya zo majalisar dattawa ya tambaya, ƙofa a buɗe take. Allah ya tsare harsunanmu da yatsunmu.