Baƙin Mai Da Haidurojin: Mu Daina Cutar Mai Karatu



Duk sanda labarin fitar da iskar haidurojin daga baƙin mai ya iso gare mu, gida biyu muke rabuwa. Wasu su ce ƙaryar Turawa ce, wasu su rangaɗa kanun "An gano man mota na kyauta!" Dukkanmu mun cuci mai karatu, don babu wanda ya zauna ya yi masa bayani.

Bayanin kuwa bai gagari Hausa ba. Man inji yawancinsa kabon ne da haidurojin. In aka gasa baƙin mai a rufaffiyar tukunya inda iska ba ta shiga, sai ya farfashe ya zama gas. A haɗa gas ɗin da tururin ruwa a zafin da ya haura digiri 700, a bisa ƙarfen nikel mai hanzarta aikin, sai haidurojin ta fito. Motar da ke aiki da ita, kamar Toyota Mirai da ta fito a 2014, ruwa kawai take fitarwa ta salansa.

To ina kyautar take? Wutar gashin kuɗi ce. Farar wuta da ƙarafan da ke cikin baƙin mai suna kashe nikel ɗin, dole a fara tace su. Kabon ɗin kuma, in ba a kama shi ba, sama zai tafi ya ƙara ɗumamar duniya. Sannan iskar kanta mai saurin kama wuta ce. A tankin Mirai ana matse ta kusan ninki 700 na matsin iskar da muke shaƙa. Yaron da ya karanta kanunmu ya tafi ya gwada da durom a bayan gida, alhakinsa a wuyan wa?

Mai cewa ƙarya ce ma bai tsira ba. Lita ɗaya ta baƙin mai na iya gurɓata lita miliyan ta ruwa, ga shi kullum ana tuttular da shi a kwatocin garejojinmu, alhali ana iya tace shi ya koma man inji.

Za a ce masu karatu soyayya suke so. Yaushe muka ba su wannan suka ture? Bakanike a Ƙofar Ruwa ya fi mu sanin baƙin mai. Abin da yake jira shi ne wanda zai rubuta masa sauran da harshensa. Mu je mu tambaye shi, mu karanta, kana mu ɗauki alƙalami.