Akuya na bakin aji, malam na zana kangaru

Ka tambayi ɗan aji biyar na firamare ko jemage tsuntsu ne, ka sha takaici. Zai ce tsuntsu ne mana, ba tashi yake ba? Alhali yaron nan ya haddace, da Turanci, cewa dabbobi masu shayarwa suna da gashi, suna haihuwa, suna ba 'ya'yansu nono. Ya rubuta a jarrabawa, har an ba shi maki. Jemagun kuwa ga su can suna reto a mangwaron makarantar, uwa da ɗanta manne a ƙirji, babu wanda ya taɓa ce masa ya ɗaga kai.

Uzurin da ake kawowa shi ya fi ƙona min rai: wai babu kayan aiki. Wane kayan aiki? Akuya ce ta yi wuya a unguwa? A riƙe ta, a buɗe bakinta, yara su gani da idonsu ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri kawai. Su tsuguna su kalli yadda take tuƙa, su nemi dalili. Lokacin layya a roƙi mahauci ya baje musu tumbin rago, su ƙirga sassa huɗun da ciyawa ke ratsawa. Yaron rugar da muke raina wa, wai bai yi boko ba, ya san wannan tun bai fara kiwo ba. Da damina sawun kurege da na gafiya na nan a kan laka, ko sisi ba a biya.

Su kuma makarantun kuɗi sun mai da abin kasuwa. A tatsi iyaye, a cusa yara a bas zuwa gidan zu na Audu Bako a Kano, a sha lemo, a jefi biri da biskit, a ɗau hoto, a dawo. Ba takarda, ba tambaya.

Sannan mu zo muna kukan giwayen Yankari sun ragu, dajin da aka keɓe tun 1956. A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun taɓa komawa 49 a 1996. Da aka sa mutanen ƙauyukan cikin kula da su, yau sun haura 600. Mu fa, wa zai kula, wanda ya girma bai san bushiya na shayarwa ba?

Hukumomin ilimin firamare na jihohi su sa awa guda ta fita waje kowane mako a jadawali. Sufeto in ya zo, ya bar rajista ya nemi littafin da yara suka zana sawun dabbobi.