A rubuta iyakar gona tun ana ga-maciji

Ruwan shuka na sauka, ƙarar iyaka na tashi. Duk wanda ya saba zama a zauren mai unguwa ko na dagaci a ƙasar Kankiya da Kusada ya san daga ƙarshen watan Mayu zuwa Yuni ba a rabuwa da ita. Mutum biyu ne za su shigo ƙafa duk ƙasa, kowa da 'yan rakiyarsa, kuma sau da yawa abin da ya kawo su bai wuce kunya biyu ko uku ba. Na yi aikin malamin gona a wannan yanki har na yi ritaya, ra'ayina kuma shi ne yawancin waɗannan rigingimu ba mugunta ce ke haifar da su ba. Mun bar iyakokinmu ne a cikin ciyawa da kawunan tsofaffi, ga shi kuwa duka biyun suna ƙarewa.

Da can iyaka abu ne mai rai. Ana dasa gamba a jere, ko a yi shingen aguwa ko bini-da-zugu, ko a ce daga kukar nan zuwa gawon can. Gamba tana biyan kuɗin zamanta, don ana yanka ta a yi zana, shi ya sa ba mai tuge ta. Yanzu kwano ya rage wa ciyawa daraja, itatuwa sun tafi murhu, garmar shanu kuma sai ta sami wurin juyawa a bakin gona. Yaron da aka ɗauko huɗa bai san inda gonar ta tsaya ba, shi dai a biya shi ya wuce gaba. Bana ya shafi rabin kunya, baɗi ya ƙara rabi. Tarakta kuwa ba ta san gamba ba sam. Kafin shekara goma layin da kakanni suka ja ya karkace, kowane ɓangare kuma zai iya dafa Alƙur'ani da zuciya ɗaya, domin abin da ya tashi ya gani ke nan.

Ga kuma yawa. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 3.7 da ɗoriya, ta 2006 ta ba ta miliyan 5.8. Ƙasa ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba. Gandun da uba ya noma da 'ya'yansa ya tsage gida takwas ko goma, kowace tsaga kuma sabuwar iyaka ce wadda ba gamba a kanta, ba shaida sai waɗanda suka halarci rabon gado.

Amma wadda ta fi cin zumunci ita ce rigimar aro da jingina. Na taɓa zama a wani sulhu a wani ƙauye da ke tsakanin Kankiya da Kusada. Wani dattijo ya ba maƙwabcinsa aron gefen gona shekaru da dama da suka wuce, duka biyun sun rasu, 'ya'ya suka gaji maganar. Ɗan mai gona ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, aro Baba ya ba su, kowa ya sani.” Ɗayan ya ce, “Ni dai a nan na buɗe ido na ga mahaifina yana noma, takin da ke cikinta ma da jakinmu aka kai shi.” Mai gari ya tambaya wa ya rage cikin waɗanda aka yi abin a gabansu. Aka ce sai Baba wane. Aka ɗauko shi a kan babur, ido ya tafi, aka riƙe masa hannu har bakin gonar. Ya tsaya yana lalube da sanda, ya ce a kai shi gindin aduwa, daga nan zai auna. Aduwar kuwa an sare ta tun tuni, ko kututture babu.

A kotun shari'ar Musulunci irin wannan magana tana faɗawa ƙarƙashin hauzi. A mazhabar Malikiyya, wanda ya riƙe ƙasa shekara goma yana aiki a cikinta, mai ita yana nan yana gani bai yi magana ba, kuma ba abin da ya hana shi, to da'awarsa ta yi rauni. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo nesa. Aro da jingina ba sa zama mallaka ta wannan hanya, amma sai an tabbatar cewa aron ne, kuma a nan ake faɗuwa. Kunyar da ta hana mutum ya ce wa maƙwabcinsa a rubuta, ita ce ke jefa 'ya'yansa cikin shari'a. Mata sun fi kowa shan wannan: rabon mace na hannun yayanta yana nomawa, ita tana gidan miji a wani gari, ranar da 'ya'yanta suka zo nema sai a ce ai ba a san zancen ba.

Dokar ƙasa ba ta hana gyara ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a kan filayen karkara. Kusada ta sami tata ƙaramar hukumar tun 1996, sakatariya ta matso kusa. Sai dai manomi mai kadada ɗaya ba zai bi layin safiyo da kuɗin fom ba, ni ma ba zan ba shi wannan shawara ba.

Abin da nake so a duba yana nan arewa da mu. Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar karkara a 1993, ta kuma samar da kwamitocin filaye har zuwa matakin ƙauye, inda mai gari ke shugabanta. Su ke ba da takardar shaidar saye, ta kyauta, ta aro, ta jingina da ta gado. Ba wai rigima ta ƙare a Maraɗi ba, kuma kwamitoci da yawa suna fama da rashin kuɗin aiki. Amma Hausawa ne irinmu, gero ɗaya muke shukawa, sun kuma nuna cewa takardar gona ba sai ta fito daga babban birni ba.

A nan ma za a iya. Littafi ɗaya a hannun kowane dagaci, kwafinsa a ofishin hakimi da sashen gona na ƙaramar hukuma. Duk ranar da aka raba gado, ko aka sayar, ko aka ba da aro ko jingina, a je gonar da ƙafa, a kira maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa su sa hannu ko su dangwala, liman ya shaida. A auna da igiya, yaron da ke da waya ya ɗauki lambobin kusurwa huɗu, a dasa wani abu mai rai a kowace kusurwa. Burtali da mashaya su ma a shigar da su, don su ne iyakar da aka fi ci ba mai kai ƙara, sai ranar da shanu suka rasa hanya suka bi ta cikin dawa.

Na san abin da za a ce: wasu masu unguwannin da su ake haɗa baki a ci iyakar, yaya za a ba kura ajiyar nama? Gaskiya ne akwai irinsu. Dalilin kwafi uku ke nan, da sa hannun maƙwabta huɗu. Mai son murɗiya ya fi samun sarari inda babu rubutu ko kaɗan. Sharaɗi na biyu shi ne kuɗin rajistar ya zama ƙayyadadde, a liƙa shi a ƙofar zaure, kada ya wuce abin da mutum zai kashe a zuwa kotu sau ɗaya. Idan aka mai da shi hanyar tara haraji, ba wanda zai zo.

Lokacin yin aikin kuma rani ne, bayan an kwashe amfani an ɗaure kara, sa'ad da tsofaffin kunyoyi ke bayyane a ƙasa kuma ba wanda ke sauri. Shugabannin ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada da hakimansu za su iya farawa da gunduma ɗaya kowannensu a ranin nan, su fara da gonakin aro da na jingina waɗanda masu shaidarsu ke da sauran numfashi.