Kafin Mu Zagi Kamfanin Waya, Mu Duba Wayar Gidanmu

A watan Satumba na shekarar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi, ba a maido su ba sai a watan Disamba. Wanda ya ga wannan zamani yana da hujjar zargin kamfani ko hukuma duk sa'ad da intanet ya yi masa nawa. Sai dai ina ganin zargin ya zame mana jiki, har ya hana mu duba abin da ke gabanmu. Sau da yawa ɓarawon yana cikin gida, kwance a bakin katanga, rana tana dukansa.

A bazarar da ta wuce wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a Kurfi ya kawo mini kuka. Ya tanadi kwamfutoci a wani ɗaki na bayan gidansu domin yaran unguwa su riƙa gwada hannu kafin jarrabawar shiga jami'a, wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Akwatin intanet kuwa yana zaure, don can ne ya fi kama layi, sai aka jawo waya ta bi katanga, ta haura rufin kwano, ta faɗa ɗakin. Da safe abin yakan taɓuka, da azahar sai ya zama tafiyar hawainiya. Ya sauya kamfani sau biyu, kuɗi sun tafi, yara suna zaune suna kallon allo. Ni ilimin halittu na karanta, ban san komai a injiniyanci ba, amma na tambaye shi abin da nake tambayar ɗalibai a ɗakin gwaji: me ka auna? Bai auna komai ba.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin wannan waya da ake kira Ethernet, wadda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro tsarinta a Amurka a 1973. In ka feɗe ta za ka tarar da siraran wayoyi 8 na jan ƙarfe, an tufke su bibbiyu kamar igiya. Tufkar ba ado ba ce, ita ke kashe hayaniyar lantarki da ke shigowa daga waje, dabarar da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista tun 1881. Saƙon da ke bin wayar yana raunana gwargwadon nisa, shi ya sa ƙa'ida ta tsayar da iyaka a mita 100: mita 90 na shimfiɗaɗɗiyar waya, 10 na guntayen da ke haɗa na'urori.

A nan ne abin ya burge ni, domin jikin ɗan Adam ya san wannan matsala tun fil azal. Jijiyar da ke kai saƙo daga ƙugu zuwa yatsan ƙafa ta kai kimanin mita ɗaya, kuma da za a bar saƙon ya gangara haka kawai, da ya mutu tun bai yi nisa ba. Sai aka naɗe jijiyar da rigar kitse, aka bar 'yan gaɓoɓi a buɗe, tazarar da ke tsakaninsu kimanin milimita ɗaya, inda ake sabunta saƙon ya dawo da ƙarfinsa. Da haka yake iya gudun mita 120 a daƙiƙa. Wayar Ethernet ba ta da gaɓa ko ɗaya. In nisa ya wuce iyaka, kai ne za ka yi mata gaɓa, wato ka sa ƙaramin akwatin rarraba layi a tsakiya, ya karɓi saƙon ya sake tura shi sabo.

Wani abin da masu shimfiɗa waya ba su cika faɗa ba shi ne, mita 90 ɗin nan an ƙiyasta su ne a ma'aunin zafi 20. Zafi yana ƙara wa jan ƙarfe taurin kai wajen wucewar lantarki, saboda haka a ma'auni 40 iyakar takan sauko zuwa wajen mita 84, a 60 kuwa zuwa 75. To, wa ya taɓa ɗora hannu kan rufin kwano a Dutsin-Ma da azahar ɗin watan Afrilu?

Sannan ga araha, wadda Hausawa suka ce ba ta ado. Akwai wayar da cikinta alminiyam ne, an shafa masa jan ƙarfe a sama kamar lalle. Alminiyam bai wuce kashi 61 cikin ɗari na jan ƙarfe ba wajen ɗaukar lantarki, ga saurin karyewa. Gane ta ba wuya: kankare silin da reza, in fari ya bayyana, an sayar maka da gaibu. Ɓeraye ma suna da nasu kason, don haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro, dole su yi ta gaigaya. Gudun megabit 1000 yana bukatar wayoyin 8 duka. Guda ɗaya ta tsinke, na'ura takan koma 100 shiru, ba ta gaya wa kowa ba.

Wani zai ce, ai layin da muke samu daga turakun kamfani sau da yawa bai ma kai megabit 100 ba, ina ruwan waya? Maganarsa tana kan hanya, kuma wani lokacin laifin na kamfanin ne ɗungurungum. Amma wayar da ta gaji ba rage gudu kaɗai take yi ba. Ɓata saƙo take yi, a sake aikowa, ya sake ɓaci, ko layin ya yi ta yankewa yana dawowa. Hanyar raba gardama ɗaya ce, ita ce wadda muke koyarwa a darasin tsirar iri: sauya abu guda, ka bar sauran yadda suke. Kai kwamfuta kusa da akwatin, haɗa da gajeriyar waya, auna gudu, rubuta. Koma ƙarshen doguwar wayar da kwamfutar nan dai, auna, rubuta. Maimaita da safe da kuma azahar. In lambobin sun yi daidai, je ka yi faɗa da kamfani da hujjarka a hannu.

Abin da nake roƙon malaman sakandare shi ne su mai da wannan aikin aji, domin ya fi haddace ma'anar kimiyya amfani nesa ba kusa ba. Shugabannin makarantu kuma, kada su biya ɗan kwangila sai an auna tsawon wayar an kankare ta a gabansu. In tsakanin gini da gini ne, a nemi wayar gilashi, wadda haske ke bi, don tana kai saƙo nesa kuma ba ta jawo wa na'urori tsawar damina.

Mun auna ta Kurfi da igiyar awo, ta kai mita 127, cikinta fari fat. Ya sayo ta jan ƙarfe, muka sauko da ita daga rufi muka zura cikin bututun roba ta gefen inuwa, muka sa akwati a ɗakin tsakiya. Bai sake sauya kamfani ba.