Karan dawa ma yana iya ba da labarin damina

 Makon nan za mu fara da tambaya: sau nawa kuka zana jadawalin lissafi a aji, malam ya ba ku maki, kuka rufe littafi, shi ke nan babu wanda ya sake kallonsa? Mu ma haka muka yi shekara da shekaru, har muka shiga jami'a muka ci karo da wani fanni da ake ɗaukar alƙaluma, a rubuta wa kwamfuta umarni, ta mayar da su siffar abin da za a gina a taɓa da hannu.

Fannin ba sabo ba ne. A shekarar 2001, Casey Reas da Ben Fry suka ƙirƙiro manhajar Processing a jami'ar MIT ta Amurka domin masu zane su koyi rubuta umarnin kwamfuta. A can Amurka kuma akwai wata mai fasaha, Nathalie Miebach, wadda ke tattara bayanan iska da ruwan sama da zafi, ta saƙa su kamar kwando, kowane zare da ma'anarsa. Da muka ga hotunan aikinta sai muka ce, ashe iyayenmu mata masu ɗinkin faifai sun riga sun yi rabin karatun.

Sai muka yanke shawarar gwadawa da ruwan damina. Mu uku ne, biyu daga Birnin Kudu, ɗaya daga Gwaram. Muka ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a gidaje biyu, ɗaya a kowane gari, a fili, nesa da bishiya da indararo. Kullum da safe a tsoma rula, a rubuta zurfin ruwan da milimita, a zubar. Lokacin da muke makaranta, ƙannenmu ne suka riƙe mana aikin. Ku riƙe wannan: milimita 1 a gwangwani yana nufin lita 1 ta ruwa ta sauka a kan kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1.

Daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Satumba kwana 122 ne. Gari biyu, lambobi 244 ke nan. Nufinmu kowace rana ta samu sillen kara guda, tsawonsa daidai da ruwan ranar. A nan kwamfuta ta shigo. Da harshen Python, a wayar hannu, muka rubuta umarnin da bai kai layi 10 ba. Ma'anarsa da Hausa ita ce: ɗauki ruwan kowace rana, ninka shi sau kaza, faɗa mana tsawon karan da za mu yanka, idan ba a yi ruwa ba ka ce a bar gurbi.

Da farko mun yi kuskure. Mun ce kowace milimita ta zama santimita 5. To a ce an yi ruwa milimita 60, kun ga kara zai kai mita 3, ko ɗaki ba zai shiga ba. Muka canza lamba ɗaya tak, muka mayar da ita rabin santimita, nan take duk lissafin 244 ya sake fitowa. Da da hannu ne, da mun kwana muna gogewa. Amfanin umarnin ke nan: kai ne mai tunani, ita kuwa na'ura ba ta gajiya da maimaici.

Matsala ta biyu ta fi ta farko nauyi. Akwai ranakun da aka manta ba a auna ba. Idan muka bar gurbi, mai kallo zai ɗauka ba a yi ruwa ba, alhali ba haka lissafinmu ya ce ba. Ɗayanmu ya ce mu cike da ƙiyasi, wa zai sani? Har ya ce mu rage wani kara da ya yi zaƙaƙurin tsawo don jerin ya yi kyau. Muka yi ta musu har la'asar. A ƙarshe muka kafa ɗan tsinke da jan zare a kowace ranar da ba a auna ba, dogon karan kuma muka bar shi yadda yake. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ko da kara aka yi ta.

Muka kwaɓa laka, muka yi dogayen tubala biyu a gindin katanga, muka kafa karan Birnin Kudu a gaba, na Gwaram a baya. Kakan ɗayanmu, manomi ne da bai yi boko ba, ya fito daga masallaci ya tsaya.

"Ku yaran nan, wane wasa ne wannan?"

"Baba, daminar bana ce. Kowane kara kwana ɗaya ne."

Ya durƙusa, ya bi jerin da yatsa, har ya iso wani gurbi mai faɗi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Nan ne ruwa ya ɗauke, gero ya yi yaushi." Ya leƙa layin baya ya ga karare a tsaye a daidai wurin. "Ashe su an yi musu." Da takarda muka miƙa masa, da ya mayar mana da ita cikin ladabi. Amma wannan ya karanta shi da kansa, har ya ce baɗi mu fara tun ruwan farko, don a ga ranar da ta dace da shuka.

Wannan ya tuna mana da Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, inda mutanen da suka zana shanu a jikin dutse, zanen da Bernard Fagg ya yi nazari a kai a shekarun 1950. Ba mu jin harshensu, amma mun gane cewa dabbobi ne dukiyarsu, domin sun bar labarin a abin da ido ke gani. Jiharmu ta sha ambaliya a 2022, manoma kuma kullum suna fama da ruwan da ke ɗaukewa ana tsakiyar damina. Bayanin da ya tsaya a littafinku ba zai taimaki mai gona ba sai ya iya karanta shi.

Aikin wannan mako: ku haɗu ku uku ko huɗu, ku zaɓi abu ɗaya da za ku ƙirga na kwana 14. Zai iya zama yawan 'yan ajinku da suka zo makaranta, ko farashin kwanon masara, ko mintocin da kuke yi a layin rijiyar burtsatse. Wanda ba shi da waya ya rubuta umarnin a takarda da Hausa, mataki-mataki, domin tunanin shi ne kodin ɗin. Ku gina da kara, ko laka, ko murafun kwalba. Sannan ku kira babba a gidanku, ku faɗa masa abin da kara ɗaya yake nufi, ku yi shiru ku ji abin da zai gani.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.