Faibar Baka Daban, Faibar Bamba Daban: Kada Ka Yi Oda Da Hoto Kawai



Tun da bidiyoyin haɗa baka suka fara yawo a YouTube da TikTok, samari da yawa sun kamu da sha'awar abin. Za ka ga Bature a garejinsa ya jera siraran katako, ya shafa gam, ya ɗora wani dogon falle baƙi mai sheƙi a sama, wani a ƙasa, ya matse su, ya sa a akwatin zafi. Kafin minti goma na bidiyon su cika ya ɗaura tsirkiya yana harba kibiya. Sai mutum ya ce ai wannan ni ma zan iya, ya buɗe manhajar sayayya a wayarsa ya fara neman wannan baƙin fallen.

A nan ne ake yin asara. Ra'ayina a kan wannan magana ɗaya ne, kuma zan faɗe shi tun farko: fallen faibagilas na baka ba a sayen shi da kyan hoto ko da araha. Ana sayen shi ne da lambobi da bayanin da mai sayarwa zai iya rubuta maka. In ba ka samu na gaskiya ba, gara ka sassaƙa bakan itace zalla da ka liƙa na bogi.

Bari mu fara da inda abin ya samo asali. Bakan faibagilas ɗan Amurka ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne masu haɗa baka a can suka fara gwada zaren gilashi, kuma a farkon shekarun 1950 kamfanin Fred Bear da ke Grayling a jihar Mishigan ya yaɗa shi a kasuwa. Kafin nan Bear ya gwada alminiyam a cikin reshen baka, abin bai ɗore ba saboda ƙarfen yana gajiya da yawan lanƙwasawa. Da bakan zamani mai kura da waya ya fito, wanda Holless Wilbur Allen ya samu takardar mallakarsa a 1969, sai aka koma kiran waɗancan na katako da faiba da sunan bakan gargajiya. Don haka in ka ji Ba'amurke ya ce bakan gargajiya, yawanci dogon baka yake nufi ko mai lanƙwasassun kawuna, kuma da yawansu akwai faiba a jikinsu.

Me faibar take yi? Idan ka ja tsirkiya, bayan baka, wato gefen da ke kallon abin harbi, miƙewa yake yi. Cikinsa, gefen da ke kallonka, matsewa yake yi. Turkawa da Mongol da Koriyawa sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke liƙa jijiya a baya, ƙaho a ciki, itace a tsakiya. Faibagilas ta zo ta karɓi aikin jijiya da na ƙaho gaba ɗaya. Katakon tsakiya, ko na mapul ne ko na gora, babban aikinsa shi ne ya raba fallayen biyu ya riƙe su. Nauyin jan kusan duk a kan fallayen nan biyu yake, kowanne kaurinsa bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba.

To ka ga inda matsalar take. Kalmar faiba a wajenmu ta haɗa abubuwa da yawa. Wadda masu gyaran jikin mota ke liƙe bamba da ita, ko ake gyaran tankin ruwa da kwalekwale, guntayen zare ne a barbaje, kowanne ya kalli inda ya ga dama, ana jiƙa su da ruwan gam mai wari. Akwai kuma saƙaƙƙiya kamar yadi, rabin zaren a tsaye rabi a kwance. Duk suna da amfaninsu, amma ba su ne na baka ba. Ta baka ita ce wadda zaren duk ya miƙe ta fuska ɗaya, daga wannan kai zuwa wancan ba yankewa, an jera shi a miƙe an dafa shi cikin gam ɗin ifoksi a masana'anta. Ka ɗauki misalin igiya. Zaren da ya bi tsawonta shi ke ɗaukar kaya, wanda ya gitta ba ya ɗaukar komai.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Na ga talla a wata manhajar sayayya, hoton ya yi kyau, kuɗin bai kai rabin na sauran ba. Bayan sati biyar kaya suka iso. Na yanki ɗan guntu na lanƙwasa, sai ji na yi ƙaras, ya karye a gicciye, gajerun gashi suka fito a bakin karayar. Ashe fallen rufe bango ne aka yanka siriri aka shafa masa baƙi. Kuɗina sun tafi, amma na gode da na gwada kafin na liƙa. Ka yi tunanin bakan laba 40, wato kimanin kilo 18, ka ja shi har tsirkiya ta taɓa kumatunka, sannan reshen sama ya fashe. Inda zai dawo fuskarka ce, kuma tsinken gilashi ba ya tambayar ido kafin ya shiga.

Su wa ke yin na gaskiya? Sunan da ya fi fitowa shi ne Gordon Composites da ke Montrose a jihar Kolorado, masu yin fallen da ake kira Bo-Tuff. Kamfanin PolyOne ya saye su a 2016, shi ne wanda ya koma Avient a 2020. Ɗaiɗaikun masu haɗa baka kuma a wajen dillalai suke saye, irin su Bingham Projects a jihar Yuta da 3Rivers Archery a Indiyana. A Turai akwai Bearpaw na Jamus, su ma suna sayar da nasu fallen. Ban kawo sunayen nan don talla ba. Na kawo su ne don ka buɗe shafinsu ka ga yadda ake rubuta bayanin kaya na gaskiya: kauri, faɗi, tsawo, launi, da ko akwai siririyar raga a ciki. Ko ba a wajensu za ka saya ba, ka samu ma'aunin da za ka auna sauran.

Lambobin da za ka riƙa gani su ne kauri inci 0.030, 0.040, 0.043 da 0.050. Wato kusan milimita 0.76 zuwa 1.27, kuma 0.040 shi ne kusan milimita ɗaya daidai. Faɗi yawanci inci 1.5, 1.75 ko 2, tsawo kuma inci 72, kimanin santimita 183. Dogon baka siriri ne, inci 1.5 ya ishe shi. Mai lanƙwasassun kawuna ya fi son 1.75 ko 2.

Kada ka raina waɗannan ƙananan lambobi. Ƙarfin reshen baka ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinsa, ninkawa yake yi sau uku a kan kansa. Ga lissafin: a ce reshenka milimita 6 ne gaba ɗaya, sai kowane falle ya zo da ƙarin milimita 0.15 da ido ba zai gani ba. Kaurin ya zama 6.3, ƙarin kashi 5 cikin ɗari ke nan, amma taurin zai ƙaru da kusan kashi 16. Bakan da ka tsara a laba 40 ya koma wajen 46. Wannan ma da sauƙi in ƙarin ya bi ko'ina daidai. In wani wuri ya fi wani kauri, reshen zai riƙa lanƙwasawa a wurin da ya fi siriri, kuma nan ne zai fara gajiya.

Saboda haka kafin ka tura ko sisi, ka rubuta wa mai kaya waɗannan tambayoyi a akwatin saƙon manhajar, kada ka yarda ya ja ka zuwa wani wuri daban:

1. Zaren duk fuska ɗaya ya kalla, ko saƙaƙƙe ne?
2. Da wane gam aka haɗa shi, ifoksi ne ko foliyesta?
3. Nawa ne kaurin, kuma nawa yake iya saɓawa sama ko ƙasa?
4. An goge gefe ɗaya da samfefa domin gam ya kama?
5. Wane kamfani ya yi shi, kuma don baka aka yi shi?
6. Yaya za a naɗe shi wajen aikowa?

Wanda ya san kayansa zai amsa da lambobi cikin layi biyu. Wanda ya dawo maka da cewa kaya ne mai kyau aboki, ka saya kawai, to ka gane. Ka ɗauki hoton allon duk hirar ka ajiye. Wajen duba ra'ayin waɗanda suka saya kuma, ka tsallake masu taurari biyar da suka rubuta tun ranar da kaya suka iso. Ka nemi wanda ya sa hoton bakan da ya haɗa ya ce ya yi wata da watanni yana harbi da shi.

Ranar da kaya suka zo, wayarka ita ce shaidarka. Kunna bidiyo tun kafin ka yanke selotef, ka nuna takardar da ke jikin kwalin. Yawanci a nannaɗe ake aiko shi kamar taya, kuma yana da ƙarfin warwarewa da kansa, don haka ka sa safar hannu da tabarau, ka sake shi a hankali nesa da fuska. Sannan ka auna kaurin da ma'aunin kauri na dijital irin na masu gyaran inji, kowane taƙi guda, daga kai zuwa kai, ka rubuta. In fallen mai haske ne da ake ganin katako ta cikinsa, kunna tocilan wayarka ta baya ka bi shi: fararen layuka, kumfa ko busasshen wuri duk za su fito. Ɗan siririn layi yawanci muni kawai yake jawowa, amma farin tabo mai faɗi alama ce gam bai jiƙa zaren ba. Daga ƙarshe ka yanki guntu ka lanƙwasa. Na gaskiya zai dawo ya miƙe, in ka matsa masa ya tsage a tsaye, dogayen zaruruwa su fito. In ya karye a gicciye kamar biskit, ka buɗe ƙorafi tun lokacin bai ƙure ba.

Na san abin da wasu za su ce: Malam, ka san kuɗin dala kuwa? Ga kuɗin jirgi, ga kwastan, fallen da ke da sauƙi a Amurka kafin ya iso Kano ko Damagaram ya ninka. Gaskiya ne, ba na musu. Wasu kuma za su ce ai ba duk kayan Chaina ne marasa kyau ba. Wannan ma gaskiya ne, masana'antun can suna fitar da bakunan faiba masu yawa da ake harbi da su a duniya lafiya lau, kuma akwai masu sayar da fallen baka na ƙwarai. Ban ce ka duba tutar ƙasa ba. Na ce ka duba ko mai kaya zai iya amsa tambayoyi shida na sama. Maganar tsada kuma, ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi oda ɗaya ku raba kuɗin aikowa. Kuma ka lissafa da kyau: a cikin baka ɗaya akwai katako, gam, makonnin aikinka da lafiyar idonka. Falle biyu ne kawai kake ƙoƙarin rage wa kuɗi, su ne kuma ke riƙe da duk sauran. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan har rauni tana yi.

Akwai kuma masu cewa ai mai koyo ne, ya fara da mai arha. Ni a ganina mai koyo ya fi kowa buƙatar kaya mai kyau. Ƙwararre in baka ya lalace ya san ko laifin hannunsa ne ko na kaya. Mai koyo ba zai sani ba, sai ya zargi kansa ya watsar da sana'ar. In aljihu bai kai ba, akwai hanya mai mutunci: maharbanmu sun yi shekaru aru-aru suna sassaƙa baka daga itace ɗaya ba tare da gilashi ba. A nan ne ma za ka koyi babban darasin, wato yadda ake sa rassa biyu su lanƙwasa daidai da juna.

Abu na ƙarshe, falle mai kyau ma ana iya kashe shi a gida. Kada ka taɓa gefen da aka goge da hannu mai maiƙo, gam ba zai kama ba. Kada ka liƙa shi da gam ɗin minti biyar na shagon kayan gini. Masu wannan aiki ifoksi mai jinkirin bushewa suke amfani da shi, irin EA-40 na kamfanin Smooth-On, su gasa shi awanni a zafin digiri 65 zuwa 80. Wannan gashin ya fi muhimmanci a wajenmu, domin bakan da aka bari a mota rufe a rana ta watan Afrilu zai sha zafin da gam ɗin da ba a gasa ba zai saki. In za ka yanka ko ka goge, ka sa takunkumi da riga mai dogon hannu, ka yi a waje, ƙurar gilashi tana ƙaiƙayi a fata kuma ba ta da kyau a huhu. Jan farko kuma kada ka yi shi da hannu. Ka kafa bakan a bango, ka ja da igiya daga nesa, kaɗan-kaɗan, kana ɗaukar bidiyo don ka ga yadda rassan ke lanƙwasawa.

Wanda ya taɓa yin oda ya dace, ko ya ƙone kamar yadda na ƙone, ya faɗa mana abin da ma'auninsa ya nuna, don na baya su amfana. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.